Damon da ke ƙarƙashin rumbun Inna

Allah ya karɓi ran uwar mijina a tsakiyar daminar bana, gero ya fara fitar da kai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba ta yi doguwar jinya ba, kuma ta cika da kalmar shahada a bakinta, abin da ya ba mutane da yawa mamaki, don sun zaci da zagi za ta tafi.

Jama'a ta zo gaisuwa daga Gangara da Falanko, har da Buzaye a kan raƙuma daga wajen Tenhya. Ni da nake raba ruwa da fura na lura da wani abu. Duk wanda ya zauna sai ya ce Allah ya jiƙanta, sannan hannunsa ya tafi wani wuri a jikinsa yana shafawa. Wani dattijon Buzu ya janye wandonsa ya nuna wa maza tabo a ƙwauri, ya ce ranar da raƙuminsa ya shiga wakenta ya samo shi. Maƙwabciyarmu ta buɗe ɗankwali ta nuna wa mata inda gashi ya ƙi fitowa. Liman ya ce shi dai ya yafe mata duniya da lahira, amma bai faɗi abin da ya yafe ba. Kafin azahar mata suna toshe baki da mayafi don kada a ji dariya a gidan rasuwa, ƙanwar marigayiya kuwa, wadda ta zo daga Falanko, tana kuka tana dariya tana cewa yayarta ba ta taɓa jifa ta kuskure ba. Mutum ɗaya ne bai sa baki ba, shi ne ƙanin mijina, autan Inna. Yana zaune a bakin zaure, hannunsa na dama a cikin aljihun riga, ko da yake tabonsa ya fi na kowa.

Na ga in aka bar zancen a haka, abin da jikokinta za su gada shi ne kakarsu mafaɗaciya ce mai jifa. Gaskiya ne, ba zan wanke ta ba. Amma na zauna gida ɗaya da ita tun ina amarya har na yi jika, kuma akwai abin da ta faɗa mini wanda ba ta faɗa wa 'ya'yan cikinta ba. Sunanta dai ba zai fito daga bakina ba, suruka ba ta kiran sunan uwar miji ko bayan ranta. Inna nake ce mata.

Daga Belbeji aka kawo ni, 'yar cikin gari da ta saba da ɗakin siminti. Abin da na fara gani a gidan, kafin ma in san fuskokin dangin miji, ƙadangaru ne. Suna kan danga, suna kan turmi, suna bakin randa, jangwada yana ɗaga kai yana saukewa sai ka ce shi ya biya sadakina. In an shanya kuɓewa su bi ta kai, in an bar ƙwaryar fura a buɗe a tarar da ɗaya yana iyo. Tsaka na cikin jinka, kulɓa na bayan murhu.

Inna kuwa yaƙi take da su, yaƙin da ba sulhu. Ƙasarmu rairayi ce, dutse ba abin banza ba ne, don haka tana da tsohuwar ƙwarya a bakin ƙofar ɗakinta cike da tsingaro da 'yan duwatsun da take tsinto wa a hanyar Tanut. Tana zaune tana kaɗi ko tsintar wake, sai ka ga hannu ya sauka cikin ƙwarya, sai ka ji ƙas, sai ƙadangare ya faɗo daga danga yana shure-shure, wutsiya a gefe tana rawa ita kaɗai. Ta tashi ta ƙarasa shi da diddige, ta jefa wa kaji, ta ɗauko dutsenta ta mayar. Tsaka kuwa da takalmi take manne ta a bango, ta ce lada ce ta samu a arha. Wata rana na ce mata ai albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Ta ce a gidanta kazar ma da ƙyar take sha, balle ta yi wa wani albarkaci.

Ta ga jifana sau ɗaya ta ce wannan rawa ce, ba jifa ba. Ta kama mini hannu da yatsunta masu kaushi har sai da suka bar shaida, ta koya mini: kada ki ɗaga hannu sama ya gan ki, daga ƙugu ake saki, kuma ki jira sai ya sunkuyar da kai. Na koya don tsoronta, ba don ina so ba.

Ba ƙadangaru kaɗai ƙwaryar nan ta yi wa aiki ba. Ina da cikin fari maigidana ya dawo daga gona da fushi, ya tarar tuwo bai sauka ba, ya ɗaga hannu zai mare ni. Hannun bai iso ba. Dutse ya same shi a idon sawu, ya zauna a ƙasa daɓas. Inna ba ta ko ajiye mazarinta ba, ta ce masa in hannunsa na ƙaiƙayi ga hauya can, kuma ya miƙo mata dutsenta. Ya ɗingisa ya kai mata. Bai sake ba har yau. Ni kuma da na je godiya ta ce in tashi in ba ta wuri, tuwon nawa ma ai gaya ne marar gishiri.

To, mace mai irin wannan hannu ita ce ke ajiye da damo a ƙarƙashin rumbunta.

Rumbun na kara ne, a kan kafafun itace, a kusurwar gida. Duk rani ban ga komai ba, don damo yana shiga rami ya kwanta ba ci ba sha, daga nan ya samo sarautar haƙuri. Ruwan farko na sauka, ina shara da hantsi, sai ga abu ya fito daga ƙarƙashin rumbun, kauri ya kai cinyata, fata kamar busasshiyar ƙasar tafki, yana zaro harshe yana mayarwa. Na kurma ihu na rarumi taɓarya. Ban san lokacin da Inna ta iso ba, sai ji na yi an murɗe mini wuyan hannu.

"Ke 'yar nan, ki kashe duk abin da kika ga dama cikin gidan nan, har ɗana in ya ishe ki. Wannan kam kika taɓa shi, ni da ke ne."

Kowace safiya ta damina takan ɗauki ƙwai ɗaya ta ajiye a bakin raminsa. Ba da lallami take bayarwa ba, da zagi take bayarwa: ɓarawo, mummuna, mai cin banza, fito ka karɓi haraji. Na tambaye ta dalili ta ce inda damo yake ɓera ba ya zama, kunama ba ta zama, kububuwa ba ta zama. Ko haka ne ko ba haka ba ne, ni ban sani ba, ban kuma yarda ba a lokacin. Abin da na sani shi ne ƙwai ɗaya ba ya isar sa. Ya haɗiye mini 'yan tsaki tsaf, ya sha ƙwan zabin Auta har a cikin saƙa. Na yi ƙorafi, Auta ya yi, maigidana ya yi. Inna ta ce duk wanda tsakinsa ya fi ƙarfin gidan nan ya ɗauke shi ya ƙara gaba.

Akwai doka ta biyu, ita ce ta kusa raba ni da gidan. Yaro ba ya shiga ƙarƙashin rumbu, ko da damo ko babu. 'Yata ta fari tana fara gudu ta bi kaza ta kutsa ciki. Inna ta jawo ta ta ƙafa, ta tsinke tsumagiya daga danga, ta zane ta har sai da jikinta ya yi rudu-rudu. Yarinyar da ko magana ba ta gama iyawa ba. Na fizge 'yata, na manta da kunyar suruka, na ce mata ta fi son ƙadangaren daji a kan jininta. Ta dube ni kawai, kuma wannan ne karo na farko da na ga an gaya mata magana ba ta rama ba. Na ɗaure kayana zan tafi Belbeji, sai da dattawa suka sa baki. Na zauna, amma na tsane ta a ranar, tsana ta gaske, ita da damonta.

Auta shi ya ƙudura zai raba gardama. A lokacin saurayi ne mai ji da ƙarfi, abokin wasana, kullum yana ce mini in shirya yaji da kuli, zai kawo mini naman da ya fi na kaza. Na ce masa uwarka za ta dafa ka a madadinsa. Ya yi dariya.

Ya jira ranar kasuwar Gangara, Inna ta tafi sayar da kuɓewa. An yi ruwan shuka, sai kuma sama ta ɗauke, rana ta gasa komai. Abin da ya rage a rumbu shi ne geron da zai kai mu kaka. Auta ya kirawo abokansa, suka yi yadda ake yi wa damo a daji: a cusa ciyawa a bakin rami, a sa wuta, hayaƙi ya koro shi. A daji ba abin da ke saman rami sai sama. Ba wanda ya tsaya ya duba cewa a nan busasshen kara ne da abincin gida a kansu. Ina daka na hango hayaƙi, na yi musu magana, Auta ya ce in ci gaba da dakana, aikin maza ne.

Damon bai fito ta inda suke jira ba. Auta ya ƙosa, ya ture ciyawar da sanda, ya kwanta rub da ciki ya zura hannu don ya kamo wutsiya. Abin da ya kamo kai ne. Ƙarar da ya yi ta tayar da zabin unguwa. Ya fizgo hannu, damon na rataye a jiki, ya datse masa babban yatsa da na kusa da shi, yana karce masa dantse da farata, yana zabga masa wutsiya a fuska. Abokan suka ja ta baya, fata na yagewa, jini na bin gwiwar hannu, damo bai saki ba. Ciyawar da ya ture kuwa ta kama gindin rumbu. Kafin mu ankara wuta ta hau kara ta kai jinka.

Cikin wannan hali Inna ta shigo da ƙwarya a ka. Ban manta tsayuwar da ta yi ba. Ga rumbu na ci, ga autanta na birgima a ƙasa, ga damonta a hannunsa. Ƙadangaren bakin tulu ke nan, a kashe ka a fasa tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta karɓe taɓaryar da ke hannuna, ta taka wuyan hannun Auta da ƙafa ta danne shi a ƙasa. Ta ɗaga taɓarya ta sauke a kan damon. Bai saki ba. Ta sake, ta sake, har kan ya fashe, ƙashi ya yi ƙara, kuma ba ƙashin damo kaɗai ba ne. Sannan ta sa yatsu ta ɓanɓare muƙamuƙin daga hannun ɗanta.

Da ta ga hannun ya fita sai ta juya taɓaryar a kan mai hannun. Ta doke shi a gadon baya, ta doke shi a cinya, yana rarrafe yana kiran Inna, tana bin sa. Abokansa suka tsallake danga. Sai da maigidana ya rungume ta ta baya, shi ma ya samu rabonsa a haƙarƙari. Mu kuwa mata muna ta watsa ruwan randa da rairayi, maƙwabta suna jawo dammunan gero daga cikin wuta da hauya. Da ƙura ta lafa, wani cikin maƙwabta ya ce tunda an riga an kashe, a ba yara su gasa. Inna ta ce ba yanka aka yi ba, mushe ne, wanda ya isa ya ci. Ta ɗauke shi da kanta ta bayan gida ta haƙa rami ta rufe.

An kai Auta likita a Tanut a kan amalanke. Yatsun biyu sun warke a shanye, har yau ba ya riƙe hauya da hannun nan. Ba wanda ya san ko haƙorin damo ne ya lalata su ko taɓaryar uwarsa, shi ma bai taɓa tambaya ba. Gero kuwa fiye da rabi ya tafi, wanda aka ceto ya sha hayaƙi. Daminar nan mun ci tuwo mai ɗaci, da ya ƙare muka koma kwaɗon tafasa da anza, 'ya'yan itacen nan da sai an jiƙa an zubar an sake jiƙawa kafin su ciwu. Yara suka rame, nonona ya ja baya.

Aka ɗaga sabon rumbu a wuri ɗaya. Bai daɗe ba ɓeraye suka cika shi, sannan wata safiya Inna ta kashe kububuwa a gindinsa, ta farfasa mata kai har ba a gane ta. Daga ranar ta ɗauke tabarmarta daga bakin ɗaki ta mayar gaban rumbu. Nan take kaɗi, nan take salla, ƙwaryar duwatsu a gefenta, ba yaron da ya isa ya gitta.

A nan na same ta wata la'asar ina tsame anza, mu biyu kaɗai a gidan. Ba ni ta kalla ba, rumbun take kallo. Ta ce na taɓa jin maigidana yana da yaya mace? Na ce na ji an ce akwai wadda ta rasu tana ƙarama. Ta ce ba rasuwa kawai ta yi ba, aike ta aka yi. 'Yar fari ce, wadda kunya ta hana ta kiran sunanta, ta hana ta ɗaukarta a gaban mutane, ta hana ta ko yi mata dariya. Ranar nan tana tuƙa tuwo, ta ce wa yarinyar ta shiga ƙarƙashin rumbu ta ɗebo ƙwan kaza. Yarinyar ta fito tana cewa ƙaya ta soke ta, ita kuwa ta ce ta yi mata shiru. Kafin yamma ƙafa ta kumbura, jini na fita ta dasashi, ta hanci, ta tsohon miki da ya riga ya warke. Aka ɗora ta a jaki za a kai ta Tanut, ba su kai ba. Da aka dawo da gawa mata suka zuba mata ido su ga ko za ta yi abin kunya ta yi wa 'yar fari kuka. Ba ta yi ba, aka yabe ta.

"Shekarar da ta biyo baya, damon ya zo ya haƙa rami nan. Tun da shina nan ban sake ganin kububuwa ba, sai bana. Ke kin ce na fi son shi da jinina. Na kashe shi saboda jinina, kin gani da idonki."

Na ce Allah ya jiƙanta, ta ce amin, sannan ta ce anzar tawa ba ta jiƙu ba, in mayar, kada in kashe mata jikoki da ɗaci. Tausayinta ya kama ni. Ban daina jin haushin dukan da ta yi wa 'yata ba, amma daga ranar na san inda ya fito.

An yi damuna da dama rumbun ba mai gadi sai ita. Sannan wani ƙaramin damo ya ɓullo ta bayan danga, ta yi ta jan sa da ƙwai tana matsar da shi kaɗan-kaɗan har ya gane tsohon ramin. Shi ma ɓarawo ne, shi ma ya ci mini tsaki. Ba wanda ya ƙara ɗaga murya. Da tsufa ya kama ta ido ya dushe, takan jefi ganye a zaton ƙadangare ne, ta rantse ta same shi, mu ce ƙwarai kuwa. Ƙwan safiya dai ba ta taɓa ba wani ya kai ba, ko da rarrafe ne.

Ranar sadakar uku gidan ya cika maƙil. Cikin hidimar rasuwa ba wanda ya tuna da ƙwai, ni ma ban tuna ba. Ana cikin addu'a da hantsi, mata a tsakar gida, maza daga zaure har waje, sai ga shi ya fito neman harajinsa, ya miƙe tsakanin tabarmi yana zaro harshe. Mata baƙi suka watse da salati, ƙore suka kife. Wani matashi, jikan ƙanwar Inna da ya rako ta daga Falanko, ya zaro itace daga murhu ya yi kansa yana cewa yau akwai nama. Jikata tana rarrafe ba nisa da gindin rumbu.

Ƙwaryar Inna na nan a bakin ƙofarta, ba wanda ya taɓa. Ban ɗaga hannu sama ba, daga ƙugu na saki. Dutsen ya same shi a idon sawu, ya zube, itacen ya yi gefe. Har liman ya tsaya da addu'a. Ni, surukar gida, na jefi baƙo a zaman makoki, a gaban dangin miji kaf. Yaron ya ɗago yana neman wanda zai shigar masa, sai Auta ya taso daga zaure. Ya zo ya tsaya a kansa, ya fito da hannun nan daga aljihu, ya buɗe masa shi a fuska.

"Ka ga wannan? Da sauƙi ka samu. Tashi ka kai mata dutsenta."

Ya ɗingiso ya miƙo mini. Ƙanwar Inna ta share hawaye da bakin zane, ta ce ashe yaya ta tafi ta bar hannunta a gida. Damon kuwa ko a jikinsa, ya juya ya koma raminsa a hankali.

Har yau ba na son sa, mummuna ne kuma ɓarawo. Amma kowace safiya ni ke kai ƙwan, kuma na tarar ba ya fitowa sai an zage shi. Jiya jikata ta nufi ƙarƙashin rumbu, na jawo ta ta ƙafa, hannuna har ya kai kan danga zai tsinko tsumagiya. Na tsaya, na ɗauke ta na goya. Wannan kaɗai na rage daga gadon.

Allah ya yafe wa Inna duk wanda ta jefa da hakki da wanda ta jefa ba hakki. Ya sanyaya mata kabari, ya haɗa ta da yarinyar nan a inda ba kunyar 'yar fari, ta kira ta da sunanta.